Iyakar Ikon Sarkin Musulmi a kan Anka da Gummi da Bukkuyum

Da yawanmu ɗalibai mun ɗauka a zamanin da, in sarki ya ce a yi, an gama. Ni ma haka na ɗauka, sai da na tsaya na dubi sarautun yammacin Zamfara: Sarkin Zamfaran Anka, Sarkin Mafaran Gummi, Sarkin Dankon Bukkuyum. Kowace tana da gidan da ya gaje ta.

Ta Anka ta fi bayyana. Wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, gidan sarautar ya yi ta ƙaura, har ya zauna Anka bayan jihadin 1804. Birni ya tafi, amma sarautar ba ta bar hannun masu ita ba. To, Sarkin Musulmi shi ke tabbatar da naɗi, a kai masa gaisuwa, a ba shi mayaƙa in ya nema. Sai dai bisa al'ada ba ya ɗauko baransa ya ɗora. Daga 'ya'yan gidan ake zaɓa. Tuɓe wanda ya ƙi biyayya kuwa ba aikin wasiƙa ba ne, ga nisa, ga ganuwa. Sarkin Musulmi Abdurrahman sai da ya ɗaura yaƙi a kan Talata Mafara a 1891. Da ya matsa aka naɗa Tukur a Kano a 1893, basasa ce ta biyo baya, kuma Aliyu Babba ne ya ƙare a gadon.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a ganina Turawa ne suka ƙarfafa hannun Sakkwato a kan waɗannan garuruwa. Bayan 1903 sarakunansu suka koma hakiman En'e, suna tara haraji, suna jiran albashi daga baitulmali. Wanda ake biya kuwa ba shi da wuyar kora. Amma fa shi kansa Sarkin Musulmi ba ya tuɓe kowa sai Razdan ya yarda.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da mulkin En'e. A Afrilun 1996 gwamnatin soja ta tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, a Oktoba aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato. Yau garuruwan uku masarautu ne, takardar naɗin sarakunansu kuwa daga ofishin gwamna a Gusau take fitowa.