Ina Na Biyunsa?

Tun da na ajiye aiki, ba abin da ke sosa mini rai kamar sababbin masu binciken asali da suka cika gari. A biya su ranar Litinin, kafin Juma'a sun miƙo salsala a kwali mai ƙyalli, ta ratsa gidan sarauta ta ɓulle Gabas. Shafi guda suka ɗauka hoto da waya, suka ga suna ya yi kama da na kakan mai biyan kuɗin, shi ke nan an gama. Mu ba haka aka rene mu ba.

Wanda ya horar da ni a Kaduna magatakardan alƙali ne kafin ya shigo aikin adana takardu, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa da idon kotu yake duban fayil. A wurinsa takarda mai ba da shaida ce, nasaba kuwa ba ta tabbata da bakin mutum ɗaya. Ko daga fayilolin SNP ka ɗauko, ko KANOPROF, ko ZARPROF, ko da sa hannun Razdan ɓaro-ɓaro, Malam zai ɗago kai ya ce, "To, ina na biyunsa?" Sai ka nemo wata takardar da ba a kwafe ta daga ta farko ba, sannan ka hau mota ka je ka ji ta bakin dattawan garin.

Takardun soja su suka fi ruɗar baƙo. Tun dakarun Glover na 1863 a Ikko, har rundunar WAFF da aka ɗora wa Lugga kafawa a 1897, akawun bariki sunan yanka yake rubutawa ya liƙa masa gari: wane Kano, wane Bauci, wane Katsina. Sau da yawa garin ma ba nasa ba ne, nan dai aka ɗauke shi. Wani bawa ne da ya gudo ya sake suna don kada a biyo sawunsa. Wani ba Bahaushe ba ne sam, Hausar bariki ce ta haɗiye shi. Don haka Malam ya hana mu bin suna. Lamba muke bi, da bataliya, da kwatancen zanen fuska in an rubuta.

Lambar nan kuwa mazan jiya ba sa mance ta. Sukan zo mana da littafin sallama a naɗe cikin tsumma, suna bin haƙƙinsu. Na ga tsoho wanda ya kasa tuna shekarar da ya yi auren fari, amma da aka tambayi lambarsa sai ya miƙe ƙyam, ya rattabo ta da Turanci ba gargada. Ɗan runduna ta 82 ne, ya ga faɗuwar Myohaung a ƙasar Bama a watan Janairun 1945. A ranar Malam rufe fayil ya yi, ya sa aka kawo shayi, muka saurara har la'asar. Yau yara na wuce barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna kullum, ba su san sunayen wurare ne a ƙasar Bama inda kakanninsu suka yi gumurzu da Japan ba, balle barikin Chindit na Zariya da ya ci sunan rundunar sunƙuru da 'yan Najeriya suka shiga a 1944.

In soja ya dawo gida, sai mu koma nemansa a gona. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa filayen Arewa a hannun Gwamna, saboda haka talaka bai bar takardar mallaka ba. Inda yake bayyana shi ne kundin haraji da jangali, da lissafin malaman taki na Kano, waɗanda suka auna gonaki da ƙafa suka rubuta mai kowace. Amma gwal ɗin yana cikin littattafan alƙalai. Da yake a lokacin kotu na karɓar ushira a rabon gado, dole ta jera magada: matan mamaci, 'ya'ya maza, 'ya'ya mata, kowa da kasonsa. Nan ne kake samun sunan mace, wadda kundin haraji bai san da zamanta ba. Shari'un majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara, cike suke da rigimar gona da gida, kowace tana tona wa ya haifi wa. Da Larabci aka rubuta su, da hannun malamanmu. Nawa ne cikin masu kwalin nan za su iya karanta layi guda?

Kabari shi ne mai wuya. Mu ba ma rubuta suna a kushewa. Damina biyu ta wuce, sai wanda ya raka gawa ya san wurin. Sanannu dai an sani: Shehu a Hubbare, Bello a Wurno, Alu Babba na Kano a Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Abin mamaki, wanda ya faɗi a Bama shi ke da suna a dutse. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai bango mai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da namu a ciki. Na Yaƙin Duniya na Farko ko wannan da yawansu ba su samu ba: a 2021 hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, galibi 'yan Afirka, ba a tuna su da sunansu ba.

Nan sababbin ke faɗawa rami. Su ga suna a kundin soja, su gan shi a dutsen Rangun ta intanet, su ce ga shaida biyu. Alhali daga kundin aka kwafe na dutsen. Mutum ɗaya ne ya yi magana sau biyu. Na biyun na gaskiya yana cikin gida: tsohuwar da ta san wadda ta yi takaba a shekarar, ta san laƙabin da uwarsa ke kiransa da shi, ta san wa ya gaji gonarsa. In ta faɗi gonar, ka koma littafin alƙali ka same ta, to magana ta tsaya da ƙafarta.

In kuwa ba ta tsaya ba, Malam da jan biro yake rubuta "ba a tabbatar ba", ko iyalin sun ji haushi. Mun sha gaya wa masu neman jinin sarauta cewa kakansu ɗan dako ne a yaƙin Kamaru, ya ɗauki albarusai a ka har Garwa, kuma ba abin kunya a ciki. Masu sayar da salsala sun ɗauka ado ne na bangon falo. Nan da shekara talatin jikan mai kwalin zai ɗauke shi ya kai gaban alƙali neman gado, ko gaban masu zaɓen sarki, kuma alhakin duk wanda aka zalunta da shi yana wuyan wanda ya rubuta.