Zane na Inji, Launi na Hannu

A ƙarshen shekarar 1843, wani ma'aikacin gwamnati a Landan mai suna Henry Cole ya sa aka buga masa katunan gaisuwar Kirsimeti guda dubu. John Callcott Horsley ne ya zana hoton: a tsakiya iyali sun kewaye teburi suna ɗaga kofuna, a gefe ɗaya ana ciyar da mayunwata, a ɗaya gefen ana tufatar da marasa sutura. An buga zanen da tawada launi ɗaya, sannan aka miƙa katunan ga wani mai sana'ar sanya launi da ake kira Mason, aka bi su ɗaya bayan ɗaya da burushi da fentin ruwa. An sayar da kowane a kan sule ɗaya. Tun 1840 aka mayar da kuɗin aika wasiƙa a Birtaniya kwabo ɗaya, don haka farashin katin ya ninka kuɗin aika shi sau 12.

Wannan shi ne katin da aka fi ɗauka a matsayin katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa. Yadda aka yi shi kuwa ya yi daidai da yadda masu haɗa kati da hannu suke yi a yau: a danna hatimin roba mai siffar fure ko tsuntsu a kan takarda, a jira tawada ta bushe, a cike cikin zanen da fentin ruwa. Aikin ya kasu biyu, akwai layi wanda ake iya maimaitawa sau dubu ba tare da ya canza ba, akwai kuma launi wanda sai hannu ya sa shi. Tarihin wannan sana'a tarihin darajar rabi na biyun ne.

Rabon aikin ya girmi Cole da shekaru ɗari huɗu. A farkon ƙarni na 15, masu sassaƙa a Jamus da maƙwabtanta suna sassaƙa hoto a jikin katako, su shafa masa tawada, su danna a takarda. Ɗaya daga cikin tsofaffin da suka rage shi ne hoton Waliyyi Christopher da aka samu a Buxheim, mai ɗauke da shekarar 1423, kuma da hannu aka sa masa launi. Dalilin a fili yake. Buga launi yana bukatar katako dabam ga kowane launi, kuma dole kowane bugu ya faɗa daidai kan na baya, in ya goce ko da kaɗan ne hoton ya lalace. Ɗaukar mutane su shafa launin ya fi sauƙi, ya kuma fi araha.

Me ya sa fentin ruwa ne ya dace da aikin? Tawadar ɗab'i da mai ake haɗa ta, don haka idan ta bushe ruwa ba ya narkar da ita. Fentin ruwa kuma ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa: layin yana nan ana ganinsa, farin takarda yana haskowa ta cikin launin. Garin launi ne kawai da abin da ke manna shi, wato ƙaro. Ƙaron da malamai suke zubawa a tawadar allo shi ne dai a cikin akwatin fentin Landan. A zamanin Cole, mafi yawan ƙaron da Turai ke amfani da shi daga kwarin kogin Senegal yake zuwa. A yau Sudan ce kan gaba, Chadi da Najeriya na biye. Hatta bugun dutse, wanda da shi aka buga layin katin Cole, sai an shafa wa dutsen ƙaro kafin ya yi aiki.

Kayan aikin ma sun yi sauƙi a wannan zamani. William Reeves ya fito da fenti a dunƙule kamar ƙaramin sabulu, wanda ya jawo masa lambar yabo a Landan a 1781. A 1835 kamfanin Winsor & Newton ya fito da fenti mai danshi, wanda da zarar jiƙaƙƙen burushi ya taɓa shi sai ya saki launi. Mai sanya launi ya huta da niƙa da dama.

Sana'ar ta bunƙasa, masu yin ta kuwa ba su bunƙasa ba. Littafin tsuntsayen Amurka na John James Audubon, wanda aka buga tsakanin 1827 da 1838, yana da hotuna 435, kuma tarin ma'aikata ne suka sa wa kowane kwafi launi da hannu. A kamfanin Currier and Ives na New York, 'yan mata ne ke zama a jere gaban dogon teburi, kowace da launinta guda: wannan ta sa shuɗin sama, ta tura wa ta kusa da ita ta sa koren ciyawa. Sunan mai zane da na mai bugawa suna ƙasan hoton. Na masu launi ba a rubuta su, shi ya sa ma ambaton Mason ya zama abin lura.

Inji ne ya kawo ƙarshen wannan jeren teburi. A 1837 Godefroy Engelmann ya yi rajistar hanyar buga launuka da duwatsu da yawa a Faransa, kuma da hanyar ta ƙware sai farashi ya faɗi. Louis Prang na Boston ya fara sayar da katunan Kirsimeti masu launin inji a Amurka a 1875. Wasu sun daɗe suna riƙe da tsohuwar hanya: mujallar tsirrai da William Curtis ya kafa a 1787 ba ta daina sanya launi da hannu ba sai 1948. Amma a kasuwar kati, hannu ya riga ya sha kaye.

Hanyar dawowarsa ta biyo ta ofis. Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar ƙarfafa roba a 1844, zuwa shekarun 1860 kuma hatimin roba ya bayyana a Amurka, ana buga kwanan wata da sunan kamfani da shi. Sai a shekarun 1970 da 1980 aka fara sayar da hatimai masu hotuna da yawa ga masu aikin hannu a gida. Da haka maɗaba'a ta koma abin da ake riƙewa a tafin hannu, mai bugawa da mai launi suka zama mutum ɗaya.

Ƙa'idojin aikin ba su sauya ba. Tawadar hatimin dole ta zama wadda ruwa ba ya narkarwa, in ba haka ba layin zai malale cikin launin. Takardar dole ta yi kauri, don siririya tana lanƙwashewa idan ta sha ruwa. Ana farawa da launi mai haske a bi da mai duhu, saboda fentin ruwa mai haske ba ya rufe mai duhu, inda ake son fari kuma sai a bar takardar yadda take. Idan aka sa launi biyu kusa da juna kafin na farko ya bushe, za su shiga juna; ma'aikatan Currier and Ives kuskure suke ɗaukar wannan, masu kati na yau kuwa da gangan suke neman sa.

A nan darajar ta juya. Lokacin da buga launi yake da wuya, aikin hannu shi ne ɓangaren mai araha, kuma ana auna ƙwarewar mai shi da yadda kwafinsa na ɗari ya yi kama da na farko. Yanzu da kowace na'urar bugawa ta ofis take fitar da launi cikin daƙiƙu, abin da mai karɓar kati yake dubawa shi ne inda fentin ya ɗan tsallake layi, don nan ne shaidar cewa wani ya zauna ya ba shi lokacinsa. A 2001 an yi gwanjon ɗaya daga cikin katunan Cole, wanda ya aika wa kakarsa, a kan kuɗin da bai gaza fam 20,000 ba.