Asalin Masaƙan Kano da Matsayinsu

A zamanin Sarkin Kano Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, waɗansu baƙi su wajen arba'in suka iso Kano daga ƙasar Mali. Su ne Wangarawa, shugabansu kuwa Abdurrahman Zaite. A cikinsu akwai Sheshe, akwai Mandawari wanda ya zama limaminsu. Sunayen nan biyu sun zama na unguwanni a cikin birni.

To, ƙasar da baƙin nan suka baro, tun ran suna ake yanke wa mutum matsayinsa. Maƙera dabam, dukawa dabam, maroƙa dabam, kuma kowa a cikin danginsa yake aure. Fulanin Futa Toro, can bakin kogin Sanagal, har zuriyar masaƙa gare su, ana ce musu Mabube. A Indiya abin ya fi haka tsauri. Cikin zuriyar masaƙa akwai Tanti a Bangal, akwai Padmasali a kudu, masu cewa su jikokin wani babban malamin addininsu ne, Markandeya. A can ɗan masaƙi masaƙi ne, ko da bai taɓa riƙe ƙoshiya ba.

Kano ta karɓi addini da karatu a hannun Wangarawa, amma wannan tsari bai yi saiwa a cikinta ba. Saƙa dai sana'ar gado ce, sai dai ba a rufe ƙofarta ba. Manomi in ya kai amfanin gona rumbu, rani ya shigo, sai ya kafa masaƙarsa a gindin bishiya. Almajiri yakan koya don ya sami na tuwo. Nufawa, waɗanda suka shahara da saƙa mai kyau, sun zo sun zauna, ga Tudun Nufawa nan shaida. Bayi ma an sa su aikin. Iyakar abin da ɗan gado zai yi wa ɗan haye shi ne gori, ba shi da ikon hana shi.

Aikin kuwa daga cikin gida yake farawa. Mace ta gurje auduga ta fid da gurya, ta shiɓe ta, ta ɗauki mazari tana dangwalar alli da yatsa tana murzawa. In abawa ake so ta yi mai kauri, in arafiya ce ta yi siriri. Sa'an nan masaƙi ya yi wadari, ya ɗaure bakin zaren can nesa a jikin kunkuru, wato ɗan katakon nan da ake ɗora wa dutse. Ya zauna, ƙafa tana takawa, allira tana buɗe zare, ƙoshiya tana kai da kawowa, masefi yana dannawa. Kunkuru ya yi ta matsowa sannu sannu, in ya iso gabansa masaƙi ya tashi ya warware zare ya mai da shi baya. Abin da ke fitowa ƙwarya ce siririya, da ƙyar ta kai faɗin tafin hannu, sai an haɗa da yawa kafin a sami zane ɗaya, balle babbar riga. Mata kuma suna da tasu saƙar ta tsaye, mai faɗi, wadda ake yin gwado da ita.

Daga hannun masaƙi sai marina, daga marina sai mabuga. Turkuɗin Kura mai sheƙi, shi Buzaye ke naɗawa a Sahara. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus da Tambutu. Ya kiyasta abin da ake fitarwa a shekara ya kai wuri miliyan 300.

Amma wa ya ci arzikin? Attajiri da falke. Su ke sayen zare da saƙi, su kai rini, su ɗora wa jaki da raƙumi. Masaƙi yana nan gindin bishiyarsa. A lissafin mutanen da, yana ƙasa da sarakai da malamai da attajirai, yana sama da mahauta da maroƙa, talaka ne mai rufin asiri. A ganina an rage masa. Rigar da hakimi ke taƙama da ita ran hawan salla, wanda ya yi mata aska takwas ake tambaya, ba a tambayar wanda ya saƙa ta.

Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, akoko da atamfa suka cika kasuwa da araha, gyaɗa kuma ta janye manoma. A 1957 aka buɗe masaƙar inji a Kaduna, daga baya Kano ta yi nata a Bompai da Sharaɗa. Yau yawancinsu a rufe suke, kayan Sin ne suka cika Kantin Kwari.

Da sana'ar ta ja baya, 'ya'yan masaƙa suka watse, wannan tela, wancan ɗan kasuwa, wani malamin makaranta, ba wanda ya bi su da sunan kakansu kamar yadda ake yi a Indiya. Mai neman saƙin hannu a yau, sai ya shiga Kasuwar Kurmi ya tambaya, ko kuwa ya nufi ƙauyukan Minjibir, inda har yanzu akwai masu jan kunkuru.