Asalin Kalma: Karabat

Abin wuyan da ango ke ɗaurawa idan ya sa kwat ranar biki, masu Faransanci a Yamai ko Maraɗi karabat suke ce masa. Kalmar ta Faransa ce, amma asalinta sunan wata al'umma ne.

A lokacin Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, Faransa ta ɗauki sojan haya daga Kuroshiya. Mahayan nan kan ɗaura ƙyalle a wuya, su bar bakinsa yana lilo a ƙirji. Hrvat suke kiran kansu, sai sunan ya lanƙwashe a bakin baƙi ya zama cravate. Da fari mutumin ake nufi, daga baya sunan ya sauka kan ƙyallen. A zamanin Sarki Louis na 14 har akwai rundunar doki mai suna Royal-Cravates, fadawa kuma suka mai da ɗaurin ado, suna yin sa da leshi mai tsada.

Daga nan kalmar ta bazu: cravatta a Italiya, kravat a Turkiyya, karafatta a Masar.

Ingila ce ta taƙaita ma'anar. A can cravat na nufin mai faɗin nan da ake soke wa allurar ado, wanda ango da abokansa ke ɗaurawa a bikin rana. A ganina ya fi siririn na ofis dacewa da ranar aure, domin kamar rawani yake, gwaninta a ɗauri take. Kuroshiya kuwa ta keɓe 18 ga Oktoba a matsayin ranar karabat.