Daga zauren Alhaji zuwa ajin jami'a

A watan Maris na 2018 Aliko Ɗangote ya miƙa wa Jami'ar Bayero ta Kano ginin makarantar koyon kasuwanci da ya ci kimanin naira biliyan 1.2, makarantar da yau ke ɗauke da sunansa, take kuma ba da digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci, wato MBA. Mutumin Safo, da ke noman gero da wake a bakin Gulbin Maraɗi yana kai amfaninsa kasuwa, yana iya cewa wannan zancen mutanen Kano ne. Sai dai hanyar da ta bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina ta daɗe da ɗaure Maraɗi da Kano a igiyar ciniki guda, kuma ciwon da ya sa ake bukatar irin wannan makaranta a can shi ne yake cin gidajen attajirai a nan: sanin kasuwanci yana zaune a kan mutum ɗaya, ranar da aka kai shi kushewa an tafi da shi.

Ba a aji Alhazan Maraɗi suka koyi sana'arsu ba. A zamanin mulkin Faransa kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suna ba 'yan ƙasa kuɗi su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa, daga nan waɗansu suka tara jarin kansu. Da gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA a 1962 ta riƙe fitar da gyaɗa, sannan farin farkon shekarun 1970 ya durƙusar da noman, sai suka juya ga fiton kaya zuwa Najeriya: atamfa, taba sigari, daga baya shinkafa. Emmanuel Grégoire, wanda ya fitar da littafi a kansu a 1986, ya nuna cewa ginshiƙin harkar shi ne dangantakar ubangida da baransa. Yaro yana shiga gidan Alhaji yana ɗaukar saƙo, a jarraba amanarsa da ƙaramin kuɗi, a tura shi Kano ko Kwatano, in ya cika a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Wannan makaranta ce sosai, har ta fi ta boko tsanani, domin wanda ya faɗi jarrabawarta ba ya samun damar maimaitawa.

To, in haka ne, me aji zai ƙara? Masu wannan tambaya suna da hujja mai ƙarfi. Alhassan Ɗantata, kakan mahaifiyar Ɗangote, ya yi fataucin goro daga Gwanja, ya zama babban mai sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ya rasu a 1955 ana ƙirga shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, ba tare da takardar jami'a ba. Amma abin lura a tarihin gidansa shi ne 'ya'yansa sun riƙe harkar a matsayin kamfani mai rajista da littattafan lissafi, shi ya sa sunan ya kai ga jikoki. Gidaje nawa ne a Maraɗi da Damagaram da Kano suka watse bayan rabon gado, motocin suka tsaya, shagunan suka koma hannun 'yan haya? Rabon gado hukuncin Allah ne, babu mai ja da shi. Abin da ya rage ga mutane shi ne su san yadda za a raba hannun jari ba tare da an yanka kamfanin gunduwa-gunduwa ba, yadda za a raba aljihun maigida da asusun sana'a, yadda za a rubuta bashi da yarjejeniya har banki ya yarda. Waɗannan ana koyar da su, kuma zauren Alhaji bai cika koyar da su ba.

Tarihin irin waɗannan makarantu a duniya ma yana goyon bayan haka, domin 'yan kasuwa ne suka fara neman su, ba malamai ba. Attajirai da masana tattalin arziki ne suka kafa ta birnin Faris a 1819, kuma mai masana'antar ƙarfe Joseph Wharton ne ya ba da kuɗin kafa ta Jami'ar Pennsylvania a Amurka a 1881. Ɗangote bin sawu ya yi.

Akwai ƙorafi na biyu da ya fi na farko nauyi: karatun da Ingilishi ake yi, da misalan kamfanonin ƙetare, ga kuɗin makaranta, alhali ɗan Safo da Faransanci ya yi lakol. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, ta fi ba kimiyya da noma da lafiya ƙarfi, fannin tattalin arziki da gudanarwa kuwa aka kai shi Tawa, abin mamaki ga garin da ake kira cibiyar kasuwancin Nijar. Wannan gaskiya ce, kuma a nan ne ya kamata a auna makarantar Kano, ba da kyan gininta ba. Jami'ar Harvard ta yi suna ne da koyarwa ta hanyar nazarin abin da ya faru da kamfanoni na zahiri, kuma ƙasar Hausa cike take da irin wannan darasi da ba a rubuta ba. Yaya ɗan canji ya tsira lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994? Wace dabara fatake suka yi da Najeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar? Wanda ya rayu cikin waɗannan ya san amsar da Hausa, kuma malamin jami'a da zai zauna da shi ya rubuta ta ya samar wa ɗalibansa abin da babu shi a littattafan London.

Lokaci kuma yana matsowa. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil ke ginawa. Tirela tana tafiya da amanar direba da sanayya a shingen duwan. Tarago kuwa sai da takardar kaya, inshora, kwangilar sito da lissafin da mai bincike zai sa wa hannu.