Ziyarar Wuraren Tarihi a Kwarin Gulbin Maraɗi: Abin da Ake Gani daga Safo

1. Gabatarwa

In aka yi zancen ziyarar wuraren tarihi, abin da ke fara zuwa a zuciyar mai karatu shi ne dogon gini tsoho: hasumiyar Agadas, ko ta Gobarau a Katsina, ko gadoji da majami'u na dutse irin waɗanda ake nuna wa baƙi a Faransa. Wanda ya sauka Safo da wannan tunani zai koma gida yana cewa babu abin kallo. A cikin wannan ƴar takarda muna son mu nuna cewa kwarin Gulbin Maraɗi cike yake da wuraren tarihi, sai dai ido kaɗai ba ya gane su. An ce gani ya kori ji. A nan kuwa sai da ji ake gani. Mun ɗauki Safo mafari domin garin yana cikin kwarin, tsakanin birnin Maraɗi daga arewa da tabkin Madarunfa daga kudu, watau wurare biyun da za mu fi tsayawa a kansu.

2. Tsohon birnin da ruwa ya ci

Bayan da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi gudun hijira zuwa arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, ya ci gaba da amsa sunan Sarkin Katsina. Daga wannan birni ne aka riƙa ɗaura yaƙi da daular Sakkwato har ƙarshen ƙarni na 19. A yaƙin Gawakuke, cikin 1836, aka kashe Sarkin Katsina Rauda tare da Sarkin Gobir Ali. Bayan haka ne Gobirawa suka kafa Tibiri kusa da ƴan'uwansu Katsinawa. Adolf Overweg, Bajamushen da ya yi tafiya tare da Heinrich Barth, ya iso Maraɗi a 1851.

Birnin da Overweg ya gani yana cikin fadama, a bakin gulbi, gininsa na ƙasa ne. A 1945 ambaliya ta ci shi, Faransawa suka mai da mutane bisa tudu, inda aka yanka tituna a miƙe. Maraɗin da muka sani yau ke nan. Mai ziyarar da ya gangara tsohon wurin, gonaki da lambuna zai taras. Amma mutanen da suka hau tudu sun hau da sunayen unguwanninsu: Bagalam, Ɗan Gulbi, Limanci, Maraɗawa, Mokoyo, Yandaka. Yandaka sarauta ce daga cikin manyan sarautun Katsina tun kafin jihadi. Saboda haka wanda ya bi waɗannan unguwanni yana tambayar ma'anar sunayensu, tsarin tsohuwar masarautar yake karantawa, ko da ba a nuna masa bango ko ɗaya ba. Philippe David ya tattara abin da dattawa suka tuna game da tsohon birnin a cikin littafinsa na 1964, shekara 19 kacal bayan ambaliyar.

3. Tabkin Madarunfa da kaburburan waliyyai

Daga Safo in aka yi kudu sai tabkin Madarunfa, wanda ruwan Gulbin Gabi da na Gulbin Maraɗi ke cika shi da damina. Mutanen wurin suna cewa waliyyai 99 ke kwance kewaye da tabkin, kuma jama'a na zuwa daga Nijar da Nijeriya domin ziyara da addu'a. Wannan adadi daidai yake da na sunayen Allah kyawawa. A ganinmu bai kamata masanin tarihi ya ɗauke shi kamar ƙidayar gwamnati ba. Abin da adadin ke faɗa shi ne darajar wurin a idon masu shi.

Kabari ba ya magana da kansa. Tudun ƙasa ne, wanda ba a bambanta shi da wani sai in akwai mai faɗin sunan mai shi da labarinsa. Ban da wannan kuma, tun da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yaɗu a Maraɗi cikin shekarun 1980, malamai sun rabu a kan halascin neman albarka a kaburbura. Ba aikinmu ba ne mu raba wannan gardama. Abin da ya shafe mu shi ne, in masu zuwa suka ragu, masu ba da labari ma za su ragu.

4. Gine-ginen mishan

Kwarin yana da nasa tarihin majami'u, ko da yake ƙuruciya gare shi. Ƴan mishan na SIM sun zauna Tibiri tun 1927, sa'an nan suka buɗe asibitin kutare a Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. A 2001 Maraɗi ta zama mazaunin bishop na ɗariƙar Katolika. Tun da ruwa ya tafi da tsohon birni, gine-ginen mishan da na zamanin Faransawa sun shiga sahun tsofaffin gine-ginen da suka rage a yankin. Ya kamata a lissafa su cikin kayan tarihin jihar, domin tarihin lakwal da na asibiti a wannan ƙasa ya bi ta cikinsu.

5. Kammalawa

Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 30 ga Yuni 1997. A 2006 gwamnati ta sa dajin Madarunfa da tabkin da kaburburan a jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su. Tsohon garin Agadas ya samu wannan matsayi a 2013, domin yana da ginin da ido ke gani, ma'auni ke aunawa. Gadon kwarin Maraɗi kuwa rabinsa a ƙasa yake, rabinsa a bakin mutane, kuma rabin na biyu ya fi saurin ɓacewa. Yaron da ke da shekara 10 lokacin ambaliyar 1945, in yana da rai, ya kai 90. Ga kuma ƴan bindiga da suka addabi ƙauyukan kan iyaka na gundumar Madarunfa tun wajen 2019, suna tayar da mutane daga wuraren da suka san tarihinsu.

Don haka muna ba da shawara uku. Ta farko, ɗaliban tarihi na jami'o'in Yamai da Maraɗi su bi kwarin ƙauye ƙauye, daga Safo zuwa Madarunfa, su ɗauki muryar dattawa maza da mata, a ajiye a IRSH da CELHTO. Ta biyu, a zana taswirar tsohon birni da ta kaburburan tare da masu gonakin da wuraren ke ciki, kowane wuri da sunansa. Ta uku, duk ziyarar da za a kai ƴan lakwal a haɗa su da ɗan gari mai sanin labari. In an yi haka, baƙon da ya tsaya a tsakiyar gonar dawa zai san cewa a cikin birnin Ɗan Kasawa yake tsaye.