Shovels & Rope: Larurar da Ta Zama Aƙida

Masu sharhin kiɗa a Amurka sukan ɗauki ƙungiyar mutum biyu a matsayin zaɓi na falsafa, wai an rage makaɗa ne da gangan domin a koma ga tushe. Tarihin Shovels & Rope, ma'auratan nan na birnin Charleston a jihar Karolina ta Kudu, ya nuna cewa larura ce ta riga zuwa, aƙidar kuma ta biyo bayanta.

Cary Ann Hearst a Nashville ta tashi. Michael Trent kuwa daga Colorado ya fito, ya kuma yi zamani da wata ƙungiyar rock mai suna The Films. Kowa na neman sunansa shi kaɗai lokacin da suka haɗa faifai guda a 2008, mai ɗauke da sunayensu biyu, cike da waƙoƙin labarin kisan kai irin na gargajiyar Kudancin Amurka. Taken faifan ne daga baya ya zama sunan ƙungiyar. Sun yi aure a 2009, suna ta kiɗa a mashayu domin neman na cefane. Lissafin ba shi da wuya: mutum biyu a mota ɗaya, kuɗin wasa kuma gida ɗaya zai shiga.

Daga wannan ƙarancin hannu salonsu ya fito. Tunda babu makaɗi na uku, dole ɗaya ya riƙe jita, ɗayan ya zauna kan 'yan ganguna, wani lokaci yana buga ganga da hannu ɗaya yana danna piyano da ɗayan, sannan su yi musaya a tsakiyar wasa. Giɓin da ya rage sai muryoyi su cike shi. Shi ya sa amshinsu ba irin lallausan amshin situdiyon Nashville ba ne. Muryoyin biyu gogayya suke yi, har mai sauraro ya kasa tantance wa ke ja, wa ke bi. Faifan O' Be Joyful na 2012 a gida aka naɗi mafi yawansa, wani sashe kuma a kan hanya, Trent ne da kansa ya tsara sautin. A 2013 Ƙungiyar Kiɗan Americana ta ba su lambobi biyu: ta sababbin mawaƙan shekara, da ta waƙar shekara saboda “Birmingham”, wadda labarin tafiyarsu ce.

'Yancin da ake jingina musu yana buƙatar a fayyace shi. Ba su ƙaurace wa kamfanoni ba, domin Dualtone da New West sun fitar da ayyukansu. Abin da suka riƙe shi ne ɗakin naɗi da ikon yanke hukunci kan sauti, sun kuma assasa bikin High Water a North Charleston a 2017. A ganina wannan ya fi kirarin ƙin kasuwa gaskiya.

Ana iya cewa bayan samun suna, kaushin sautin ya koma riga kawai, tunda yanzu suna da halin ɗaukar makaɗa. Sukar tana da ƙarfi, kuma faifan Little Seeds na 2016 ne wurin gwada ta. An yi shi ne a lokacin da suka samu haihuwar fari, mahaifin Trent kuma yana fama da cutar mantuwa ta Alzheimer. Waƙar “Invisible Man” da bakin majinyacin take magana, kiɗanta da sauri da hayaniya, babu neman a tausaya. Nan salon ya yi aikin da babbar ƙungiya za ta iya lalatawa, domin mutanen da ke jinyar su ne ke rerawa.

Inda suka gaza, a nawa hukuncin, ita ce waƙar “BWYR”, martaninsu ga harin Yunin 2015 a cocin Emanuel da ke Charleston, inda wani farar fata ya kashe baƙaƙe 9. Kira ne na haɗin kai, da kyakkyawar niyya. Amma Charleston na cikin manyan tashoshin da aka sauke bayi daga Afirka, kuma kiɗan da ake kira Americana kansa yana da bashin baƙar fata a wuyansa, tun daga blues har zuwa banjo. Salon da aka gina kan abin da ya shafi mutum biyu a cikin gida ɗaya ya yi wa wannan tarihi kaɗan.